Jan biron Kaka

Lahadi da dare, kowa ya kwanta sai ni.

Yau shekara ɗaya cif da rasuwar Kaka. Tun da asuba muka baro Kaduna don mu samu sujadar safe a Wusasa amma duk da haka sai da muka makara, wai Baba sai an tsaya ya sayo wa matan zumunta burodi, kamar babu burodi a Zariya. Da muka wuce ta gaban tsohon cocin nan na ƙasa na tuna yadda take tsayar da mu kullum ta ce a 1929 aka gina shi, ku maimaita, sai mun maimaita za mu wuce.

Matan zumunta sun fito da ankonsu, ga tulu ga kacau-kacau, suka ɗauko waƙar da ita ke bayarwa da. Ban yi kuka ba a lokacin. Sai da idona ya kai benci na uku inda take zama, na ga wata 'yar yarinya a wurin tana cin biskit hankalinta kwance, nan ne fa abin ya kwace mini.

Bayan an tashi muka koma gida, Goggo ta ce yau dai a buɗe akwatin ƙarfen nan. Littafi Mai Tsarkinta ne a sama, tsohon juyi na 1932 wanda su Likita Miller suka yi aikinsa, an ɗaure shi da roba don bangon ya rabu. Sabon juyi har biyu aka saya mata ta ƙi, wai Hausar tsohon ta fi zauna mata a kunne. Ƙarƙashinsa wasiƙar da na rubuto mata ina makarantar kwana, ta bi ta da jan biro ta gyara, har da maki a ƙasa, 7/10. Wasiƙar gaisuwa fa! Muka yi ta dariya har Goggo na share hawaye.

Sai wani littafin rubutu mai cike da sunaye. Matan da take koya wa karatu kyauta gindin darbejiya ran Alhamis, marasa lafiyan da take kai wa kunu a asibitin St. Luke, da 'yan ajinta tun daga lokacin UPE, shirin karatun firamare kyauta na 1976, da take cewa yara sun cika aji har a ƙasa suke zama. Gaban kowane suna akwai abin da take roƙa masa.

Wajen la'asar wani Alhaji ya yi sallama, gemu fari fat, ya ce Malama ce ta koyar da shi a aji uku, kuma ran Juma'a ita ke korar su masallaci da wuri, Litinin ta tambaya wa ya je wa ya tsaya ƙwallo. Baba ya ce, Alhaji ko za ka duba ko kana ciki? Ya sa tabarau ya bi da yatsa shafi bayan shafi har ya tsaya. Gaban sunansa kalma ɗaya ce, takalmi. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, ashe ita ce, ni an ce mini kawuna ne ya aiko.

Biron yana hannuna yanzu, na sato shi ban gaya wa Goggo ba. Na gwada a tafin hannuna, ya bushe.