Wuƙar da na saya ta intanet da dutsen washinta

Ana saura mako uku Babbar Sallah na yanke shawarar sayen wuƙar fiɗa ta intanet, duk da cewa maƙeran Katsina ba su taɓa ba ni kunya ba. Kafin in tura kuɗi, na nemi mai sayarwar ya ɗauko mini bidiyon wuƙar a hannunsa, ya faɗa mini tsawon ruwanta da irin ƙarfenta, domin hoto kaɗai yana iya zama na aro. Na kuma sharɗanta cewa sai kaya sun iso zan cika kuɗin, kuma a naɗe bakinta cikin kwali mai kauri saboda hannun ɗan aike da yaran gida.

Ta iso lafiya, amma kaifinta bai gamsar da ni ba, sai na koma ga dutse. Nakan jiƙa dutsen a ruwa har kumfa ya daina tasowa, sannan in kwantar da bakin wuƙar a karkace kamar digiri 15 zuwa 20, ina gogawa daga gindi zuwa tsini ba tare da na sauya karkatar hannuna ba. A nan mutane da yawa suke kuskure, domin gaggawa takan sa hannu ya riƙa rawa, bakin ya daɗa dakushewa. Idan na ji ɗan kaushi ya taso a ɗaya gefen, sai in juya. Ina farawa da dutse mai lamba 1000, in gama da mai laushi, in wanke ta, in tsane ta sosai don gudun tsatsa.