Ranar da Na Manta Cewa Tagwayen Hanya Sun Koma Ɗaya

A lokacin da ake tsakiyar sake gina babbar hanyar Abuja zuwa Kano, wadda ta ratsa Kaduna da Zariya, aikin da aka bayar da kwangilarsa a ƙarshen 2017, kusan kowane wata ina bin ta, har na ɗauka babu abin da ban sani ba game da ita. Wata safiya cikin hunturu na ɗauko kawuna daga Kano zuwa Kaduna, hazo ya sauka, kuma bayan mun wuce Kwanar Dangora muka tarar an rufe hannunmu da shingen kankare, an karkatar da mu zuwa ɗaya hannun, inda masu tafiya da masu dawowa suke raba titi guda.

Na rage gudu a mashigar kamar kowa, domin tsakuwa da ƙura ba sa barin mutum ya yi gaggawa ko yana so. Matsalar ta zo ne bayan mun yi nisa, lokacin da muka hau sabuwar kwalta mai laushi wadda ba a riga an ja mata layi ba, gangunan da aka jera a tsakiya kuma suka fara yin nesa da juna. Akwai tirela ɗauke da siminti a gabana tana rarrafe, sai kawai na kunna sigina na fita hagu domin in wuce ta, kamar yadda na saba yi shekara da shekaru a wannan wurin. Ban kai tsakiyarta ba sai ga fitilun wata bas sun ɓullo daga cikin hazon, tana tahowa a hannunta na halak. Na taka birki, direban tirelar ya ɗan raɓa gefe, na samu na koma bayansa da ƙyar.

Kawu bai ɗaga murya ba. Bayan ya gama salati ya ce, "Ɗan nan, idonka ya ga an haɗe hanyar, amma hannunka bai gani ba." Na daɗe ina juya maganar, domin hakan ne ya faru: allon gargaɗi na wuce shi tun mintuna goma da suka gabata, sabo kuma ya karɓe sitiyarin.

Daga baya na koma na duba dokokin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Kilomita 100 a sa'a da aka yarje wa ƙananan motoci a babban titi ba ta aiki a inda ake gyara. Abin da allon wurin ya nuna shi ne doka, kuma wuce shi laifi ne mai zaman kansa da ake cin tara a kansa, haka ma wuce mota ba bisa ƙa'ida ba. A ganina tarar ba ta kai girman haɗarin ba, musamman ga leburori da mai tuta da suke tsaye tsakanin katafila da motocinmu ba tare da wata kariya ba.

Tun daga ranar, da zarar an karkatar da ni, nakan kashe rediyo, in kunna ƙananan fitilu ko da rana ce, in bar tazara mai yawa saboda tsakuwar da tayoyin manyan motoci suke watsowa, kuma ba na wuce kowa sai na ga shingen da ya mayar da mu hannunmu. Lambar gaggawa ta hukumar, 122, tana cikin wayata. Ranar dai haka muka bi bayan tirelar nan har kusa da Tashar Yari, muka isa Kaduna bayan azahar.