Farantan tagulla a titin Roma

Jiya da yamma dattijuwar da nake haya a gidanta ta zaga da ni tsohuwar unguwar Yahudawa ta Roma. A ƙofar wani gida ta tsaya, ta nuna mini ƙananan farantan tagulla da aka dasa a daɓen titi, kowanne ɗauke da sunan mutum da ranar da aka kama shi. Ta sunkuya ta goge ƙurar da bakin mayafinta.

Ranar 16 ga Oktoba 1943 sojojin Jamus suka kama Yahudawan birnin nan, aka kai fiye da 1,000 Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suke hallaka Yahudawa. Mutum 16 kacal suka dawo. Kafin jirgin ƙasa ya tashi da su, a wata makarantar soja aka tsare su, ba nisa da fadar Paparoma. Paparoman lokacin, Pius na 12, bai fito fili ya yi Allah wadai ba.

Dattijuwar nan 'yar Katolika ce ta gaske. Ta ce gidajen 'yan sista da na limaman coci sun ɓoye dubban Yahudawa, kuma gaskiya ta faɗa. Na ce, "Mama, to shirun Paparoma fa?" Idonta ya kawo ruwa, ta ci gaba da goge tagullar.

Tun 2020 fadar Paparoma ta buɗe takardun zamanin Pius na 12, malaman tarihi na ta muhawara. Ni dai daren jiya barci ya gagare ni.