Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Baffa ya soka buhuna

Makon jiya mun rabu ne a Na'ibawa, inda motar Abuja ta sauke ni da magariba, takardar sakamakon GMAT, jarrabawar neman gurbin MBA wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, tana ninke a aljihun gaban rigata. Maki 680. Karo na biyu ke nan, don a na farko 610 na samu, kuma ban faɗa wa kowa ba sai mai ɗakina. Wannan a ƙarshen Nuwamban 2023 ne, daidai lokacin da ake shigo da sabon tsarin jarrabawar mai maki 205 zuwa 805. Ni tsohuwar na yi, mai 200 zuwa 800, saboda littattafanta na shafe wata bakwai ina ci bayan sallar asuba, ba zan canza layi a kusa da gari ba.

A cikin a-daidaita-sahun da ya kai ni gida har na fara tsara yadda zan yi sallama da 'yan majalisarmu.

Akwai wata takarda da na liƙa a cikin murfin durowata tun farkon shekarar, mai sunaye shida: Harvard, Stanford, Wharton, INSEAD, makarantar kasuwanci ta Landan, da Oxford. In faɗi gaskiya, ba wani bincike ne ya tara su wuri guda ba. Sunaye ne da idan ka ambata a ɗaurin aure za a juyo a dube ka. Ban san bambancin koyarwarsu ba, ban san wace ce ke shekara biyu wace ce ke wata goma ba. Hangen Dala nake yi, ina zaton na shiga birni.

Washegari na zauna na buɗe shafin kowacce, wurin da suke bayyana irin ɗaliban da suka ɗauka a bara. A manyan ukun na Amurka, makin ɗalibi na tsaka-tsaki yana wajen 730 zuwa 740. Stanford ba ta ɗaukar ko goma cikin ɗari na masu nema. Harvard ta ɗan fi sassauci, amma ita ma wajen mutum ɗaya cikin bakwai ko takwas take ɗauka. Na dubi 680 ɗina, na dubi digirina mai 3.62 cikin 5, na rufe kwamfutar na tafi kasuwar Dawanau ban karya ba.

Ga wanda bai bi mu daga farko ba: bayan bautar ƙasa na yi shekara uku a banki, sannan na ajiye na koma wajen Baffana, ƙanin mahaifina, wanda ke sayen riɗi da zoɓo da citta yana haɗa wa masu fita da su waje. Shekara huɗu ke nan ina riƙe masa lissafi, ina tsayawa a kan sikeli, ina rakiyar kaya zuwa Legas. A takardar tarihin aikina da na shirya wa makarantun nan, shekarun banki sun ci rabin shafi, Dawanau kuwa layi biyu na ba ta, su ma na lulluɓe su da Turanci mai maiƙo yadda ba wanda zai ji ƙanshin buhu. Kunya nake ji, ba wani abu ba.

Wani abokina da muka yi banki tare, wanda ya riga ni tafiya karatu, shi ya fara tsinka mini wannan zaren a waya. Ya ce, "Malam, ba da duniya duka kake takara ba. Aji suke haɗawa, ba sa son kowa ya zama iri ɗaya. Masu nema daga Nijeriya yawancinsu 'yan banki ne da kamfanonin mai da masu ba da shawara na Legas. In ka shiga layinsu da 680, kai ne na baya. Mutum nawa ne a cikinsu ya taɓa sayen tirelar riɗi?" Na yi dariya na ce ya daina zolaya. Amma maganar ta kwana da ni.

Daren Juma'a na samu Baffa a soro bayan isha'i, rediyonsa a gefe, yana ɓare gyaɗa. Dama dole in sanar da shi, tunda yaron shagonsa ne zai tafi, kuma ina sa rai zai tallafa. Na yi bayani mai tsawo. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "To, nawa ne?"

Na ce a Harvard, kuɗin makaranta da masauki da abinci sun haura dala dubu 100 a shekara, kuma shekara biyu ce. Ya tambayi nawa dala take a Wapa. Ta riga ta wuce naira dubu a lokacin, tun bayan da gwamnati ta saki naira a watan Yuni. Ya yi shiru yana motsa leɓe, irin yadda yake yi in dillali ya faɗi farashi. Ya ce, "Sama da miliyan 200 ke nan. Ban da abin da za ka rasa na zama ba ka nema." Na ce akwai tallafi, akwai kuma kamfanoni irin su Prodigy Finance da ke ba ɗaliban ƙasashen waje rance ba tare da jingina ba. Ya ce, "Da ruwa?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Bashin dala, kuma da ruwa, ga mai cin naira. Ka dai ji da kunnenka."

Duk wanda ya san Dawanau ya san ɗan ƙarfen nan mai kaifin baki da ake soka wa buhu a zaro samfur daga tsakiya, don kar a yaudare ka da na saman. Tambayar da ta biyo baya haka ta yi mini. Ya ce, "Yarona, me za ka je ka koyo wanda babu shi a nan? Ga makarantar kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero, ko kuɗin jirgi ba sai ka biya ba. Ga ta Legas. Kar ka ce mini suna, suna ba ya cika kwano."

Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Can sai na ji ina ba shi labarin da shi ma ya sani, na kwantenar riɗinmu da mai saye a waje ya zabtare wa kuɗi bayan ta isa, wai danshi da tsakuwa sun wuce ƙa'ida, mu kuma ba mu da takardar gwaji tamu da za mu yi jayayya da ita. Na ce, "Baffa, mu ke shiga ƙauye, mu ke ba manomi kuɗi, mu ke ɗaukar asarar hanya, amma wanda ya tace ya zuba a leda ya buga sunansa shi ke kwashe ribar. Ina son in san yadda ake ƙulla ciniki kai-tsaye da masu masana'anta a can, yadda bankuna ke tsaya wa irin wannan cinikin, da yadda ake nemo jarin kafa injin tacewa ba tare da an sayar da gida ba." Ban taɓa faɗin wannan da baki ba, ko ga kaina.

Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa ya ce, "To wannan ka rubuta musu mana. Ita waccan takardar tarihin aikinka da ka karanta mini, ni ban gane wane ne a ciki ba."

Kwana uku na yi ina sake jerin. Stanford da Wharton na soke su, kuma har yau ina ganin daidai na yi: kowace takardar nema tana cin sama da dala 200, ga rubuce-rubuce na makonni, kuma ba ni da wani dalili na son su sai amon suna. Na karkata ga masu gajeren zango. INSEAD wata goma ce, tana da harabar Fontainebleau a Faransa da ta Singafo, kuma ajinta ba wata ƙasa guda da ta mamaye shi, sai dai makina yana ƙasa da na yawancin ɗalibanta. Na bar ta a matsayin wadda zan gwada sa'a. Oxford shekara guda ce, kuɗinta ya haura fam dubu 70, amma tana da ɗaliban Afirka da yawa, ita ce na fi sa wa rai. Na ƙara Cranfield da Warwick, waɗanda nake ganin 680 ba zai ba ni kunya a wurinsu ba. Harvard kuwa na bar ta a ƙasan takardar da fensir. Zuciya ce.

Sai kuma abubuwan da ba sa fitowa a jadawalin martabar makarantu. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda nake ta lissafi da shi, ashe an rufe karɓar takardunsa tun farkon Nuwamba ina can ina fama da lissafin GMAT. Ko da ma na samu, fam dubu 22 kawai yake biya daga kuɗin MBA, sauran kai za ka nemo. Sannan daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu irin wannan karatun tafiya da iyali. Da na faɗa wa mai ɗakina, tana ninke kayan yarinyarmu, ba ta ɗago ba ta ce, "Shekara ɗaya dai ka ce ko? To ka rubuta a takardar taka, kusa da kuɗin." Na rubuta.

Zagaye na farko na neman gurbi ya wuce tun Satumba, na biyu yana rufewa a farkon Janairu, saura mini mako biyar. Kuma ana bukatar mutanen da suka ga aikina su rubuto shaida a kaina. Baffa ne ya fi kowa sanin aikina, amma makarantun ba sa son shaidar ɗan uwa. Wanda ya rage shi ne tsohon manajana na banki, mutumin da na ajiye wa takardar barin aiki a kan tebur ranar wata Litinin na fita ban jira ya gama magana ba, kuma shekara huɗu ko gaisuwar sallah ba ta haɗa mu ba.

Lambarsa tana nan a wayata. Ranar Laraba bayan la'asar na fita bayan shago, inda hayaniyar masu dako ba ta kai ba, na danna. Yadda muka yi da shi sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.