Talata: aikin wayoyi a siton Apapa

Yau Apapa ta cinye mini yini. Tun bayan asuba na bar Agege, amma cunkoson tireloli a hanyar tashar jiragen ruwa bai bar ni na isa ba sai da hantsi.

Kamfanin Alhaji wuri uku ne: ofis a Ikeja, shago a kasuwar Mile 12, sai wannan sito. Biyun farko mun gama. Wayoyin da muke sa musu na hannu ne marasa igiya, na kira da tura saƙon rubutu, tsarin da ake ce wa DECT, ba ruwansu da layin MTN ko Airtel. Kowace waya tana kama sigina daga wata 'yar na'ura da ake kafawa a bango, ita kuma kebul ɗaya ke kawo mata wuta da intanet. A fili tana kai wa mita 300, cikin gini kuwa wajen 50. To, sito sha'aninsa daban. Buhunan shinkafa jibge har rufi, ga kantocin ƙarfe, ga kwantena a bakin ƙofa, ƙarfe kuwa tare sigina yake yi. Haka ni da yarona muka bi lungu-lungu da waya a kunne, muna sa alama da alli duk inda murya ta fara rawa. Kuma dole kowace na'ura ta riƙa jin maƙwabciyarta, in ba haka ba mutum na tafe yana magana sai kira ya tsinke.

Manaja ya fito da wani kwali na wayoyi da aka sayo da arha, wai a haɗa har da su. Na Amurka ne, siginarsu na aiki a zangon da ke tsakanin megahaz 1920 da 1930, namu na Turai kuwa 1880 zuwa 1900. Ba za su taɓa gaisawa ba. Ya ɓata rai, na bar shi.

Bayan azahar Alhaji ya iso.

"Injiniya, duk wannan ɗawainiya don a tura saƙo? WhatsApp fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wayar WhatsApp ta yaro ce. Ran da ya bar aiki, da lambar da saƙonnin duk zai tafi. Wannan kuwa lambar ta mai tsaron sito ce, ko wane ne ke kan aikin."

Kuma ni a ganina saƙon ya fi kiran amfani a nan. Da ƙarar janareta da hayaniyar 'yan dako, "buhu sittin" da "buhu saba'in" ɗaya suke a kunne. Rubutu kuwa yana nan a allon waya, ba mai gardama. Muka gwada: akawu ya rubuto daga Ikeja, waya biyar suka yi ƙara a tare.

Abin da ban ɓoye masa ba shi ne, saƙo ba ya tsallakawa daga waya zuwa waya kai tsaye. Sai ya bi ta kwamfutar da ke rarraba saƙonni a ofishin Ikeja tukun, ko da mutanen biyu suna Apapa. In NEPA ta ɗauke a can kafin janareta ya tashi, ko intanet ɗin da ya haɗa rassan ya yanke, shi ke nan. Don haka na nemi batirin ajiyar wuta a kowane reshe, da layin intanet na biyu a Ikeja.

Batiri ya yarda, gobe zan shiga kasuwar kwamfuta da wayoyi ta Computer Village in taya. Layi na biyu kuwa ya ce sai ya yi shawara da akawu.