Asabar: ƙasan takalmi da wayar Kawu

Yayyafi tun asuba, irin na Northampton da ba ya ɗaukewa, ba ya kuma zuba da gaske. Ba aiki yau. Maman yara ta ja Auta sun tafi cefane, ni kuma na saka but ɗina na gwanjo a leda na nufi wurin tsohon shumekan nan, don ƙasan na hagu ya huje, jiya da jiƙaƙƙiyar safa na dawo gida.

Ya jujjuya takalmin, ya danna nan ya danna can, ya ce saman lafiyarsa ƙalau. Ɗinkin garin nan ne irin na da. Akwai wata siririyar fata da aka zagaye bakin takalmin da ita, a jikinta ake ɗinke ƙasan, shi ya sa ake iya farke shi a sa sabo ba tare da an taɓa saman ba. Haka su kamfanin takalma na Tricker's ke yi, su da suke nan tun 1829. Ya ce roba nake so ko fata? Ban kai ga amsawa ba ya shige ciki ya fito da wani ɓalli mai kauri, ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur, ya yi ƙara kamar katako. Wai in sansana. Na sansana. Warin majema ne sak, sai dai babu ɗoyin kwatami a ciki.

Daga nan baki ya buɗe. Fatar daga Colyton take, wani ƙaramin gari a Devon, majemar J. & F.J. Baker, wadda ita kaɗai ta rage a Birtaniya da ke jima da ɓawon itacen oak. Iyalin Baker sun karɓe ta tun 1862. Da bazara ake ɓare ɓawon, lokacin da ruwan itace ya hau, a ajiye shi ya shekara biyu ko uku yana bushewa, sannan a niƙa shi da injin da ruwan kogi ke juyawa. Ƙirgi zai yi wata uku a rataye cikin ruwan ɓawon, ana ciyar da shi gaba daga rami zuwa rami. Sai a shimfiɗa shi a rami mai zurfi, ƙirgi, ɓawo, ƙirgi, ɓawo, a bar shi wata tara. Ya ce da can akwai ta Rendenbach a Trier ta Jamus da mutane ke tambaya da suna, amma ta rufe ƙofa 'yan shekarun nan.

Na ce a sa fatar. Kuɗin kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Ina fita daga shagon na ƙagu in ba Kawu labari, shi da yake majemi ne a can gida. Cikin zumuɗi na kira Yaya bayan azahar, na ce ya kai masa wayar zaure. Yana kishingiɗe a kan buzunsa, carbi a hannu, ya kara wayar daf da fuska har hancinsa kawai nake gani.

Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, yau na ga aikin 'yan'uwanka majema na nan ƙasar."

"Turawa na jima da hannu?"

Na zayyana masa duk abin da na ji. Ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Wata nawa ka ce, ɗan nan?"

"Goma sha biyu, ranka ya daɗe. A cikin ruwan jima kaɗai."

"Mantawa suke yi da ita a ramin?"

Yaya ya tuntsire da dariya daga gefe, ni ma na yi. Amma Kawu ya gyara zama. Ya ce in maimaita masa wurin nan na ciyar da ƙirgi gaba. Ramin farko ruwansa mai ƙarfi ne ko tsararo? Na ce tsararo, wanda aka riga aka yi aiki da shi, ƙarfin yana ƙaruwa ne a hankali. Ya gyaɗa kai. Ya ce to mai wannan aikin ya san jima. In ka tsoma ƙirgi mai kauri cikin ruwa mai ƙarfi tun farko, bayansa ne zai kama ya toshe, ruwa ya kasa shiga, cikin ya zauna ɗanye. Ka gan shi a ido ka ce ya yi, sai an shekara ya fara tsagewa a hannun baduku. Abin da shumekan ya ɗauki rabin awa yana min bayani, Kawu ya gama shi cikin numfashi biyu, kuma ko hoton itacen oak bai taɓa gani ba.

Sai ya koma kan bagaruwa. Su ba ɓawo suke aiki da shi ba, 'ya'yan ne, a daka su a jiƙa. Fatar akuya in ta fito daga toka, an kankare gashi, ta kwana a ruwan kashin tattabara ta yi laushi, 'yan kwanaki take yi a bagaruwa ta kama. Na ce ai an ce ɓawon oak ba shi da ƙarfin bagaruwa, ga kuma kaurin ƙirgi. Ya ce to me ya hana su aiko a saya musu bagaruwa buhu-buhu su huta? Na ce jinkirin ne ake so, shi ke sa fatar ta matse ta yi ƙarfi, ta jure tafiya. Ya ce, "Uhm."

Ina tsammanin hirar ta ƙare a nan cikin raha. Sai ya ce, "Ɗan nan, wa ke ciyar da shi?"

"Wa, Kawu?"

"Majemin. Ya sayi ƙirgi, ya sayi ɓawo, ya binne a rami. Shekara guda. Me iyalinsa ke ci kafin a tono?"

Na fara cewa ai ramukan suna da yawa, wannan na shiga wancan na fita. Ya ce ya sani, ba yaro ba ne shi. Amma ramin farko fa? Wani ne ya zuba dukiya ya juya baya, bai waiwayo ba sai baɗi. Mai abin hannu ne kaɗai ke iya wannan. Shi tun yana bin Baba zuwa kwata bai taɓa riƙe fatar da babu bashi a kanta ba. A karɓo da safe, a biya in dukawa sun biya. In fata ta ƙara kwana biyu a kwatarniya, mai bashi na bakin ƙofa. Ya ce ƙirgi ma yanzu ina majemi zai gan shi? Masu ganda sun riga shi, kuɗi hannu, a babbake a kai tukunya. Fatun awaki masu kyau kuma kamfanonin Challawa da Sharaɗa sun kwashe, a juya su a injin da sinadarin kurom, kwana ɗaya ko biyu sun fito shuɗaye, sai jirgi, sai Italiya da Sifen.

Don in sassauta hirar na ce masa har tambarin majemar ake bugawa a ƙasan takalmin, mai saye ya san daga ramin wa ta fito.

Ya ce, "Tambari? Ni fatata ko cikin dubu aka jefa ta zan zaƙulo ta." Ya ɗan ja carbi. "Sai dai ni kaɗai na san ta."

Aka kira la'asar, Yaya ya karɓi wayarsa.

Tun ɗazu maganar nan ke cina. Na kai masa labarin ne don ya ji daɗi, ya ji cewa akwai inda ake ganin girman sana'arsa, shi kuma lissafi ya yi. Kuma lissafinsa daidai ne. Tun da aka yi wa jimar kurom rajista a Amurka a 1884, ita ta cinye kasuwa, akasarin fatar duniya yau da ita ake yi. Ta Colyton ta tsira ne don akwai mutanen da za su biya kuɗin jiran wata goma sha biyu, su kuma yi alfahari da shi. Kawu ba shi da irin waɗannan masu sayen. Baduku a Kurmi so yake a rage masa, shi ma mai sayen jakarsa so yake a rage masa. Kuma ba yau farau ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da kakanninmu suka jeme suka rina da karan dafi, ayari ya haye Sahara da ita, ta iso Turai da sunan Maroko, aka yi bangon littattafai da ita. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yau ni ne mai sayen da ya biya ba tare da ya nemi ragi ba, kuma ba Kawu na biya ba. A gida ban taɓa sayen ko jakar kuɗi ban ce a rage ba.

Maman yara da ta ji labari cewa ta yi ƙasan fata santsi gare shi a ruwa, in shirya faɗuwa a bakin tashar bas. Ba ƙarya ta yi ba, sai ya ɗan goge tukuna. Kuɗin bai shigo hirar ba, alhamdulillahi.

Tarin Auta da sauƙi. Tuwon semo miyar kuka, kukar ta kusa ƙarewa. Hita ta sake yin ƙarar nan.

Bayan isha saƙon murya ya shigo ta wayar Yaya. Kawu ne, ko sallama babu. Wai in roƙi shumekan ya ba ni ɗan guntun da ya rage, ko faɗin yatsa biyu ne, in ba duk mai zuwa gida ya kawo masa. Zai sa wuƙa ya tsaga ya duba tsakiyar da idonsa. In ya ga farin layi a ciki, in koma in karɓo kuɗina.