Tashar Ngaundere a bayan shagona

A ɗakin da ke bayan shagona na gyaran rediyo da talabijin akwai allon katako mai tsawon santimita 244 da faɗin 122, irin wanda kafintoci ke yankawa su haɗa kabad. Ni ban yanka nawa ba. Na ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe saboda gara, na shafe shi da fenti ciki da baya, na shimfiɗa masa layin dogo. A kansa nake gina ƙaramin samfurin ɓangaren kaya na tasharmu ta jirgin ƙasa ta Ngaundere, inda ake loda shanu da auduga, ake sauke kwantenoni a ɗora wa manyan motocin da ke wucewa Garwa da Marwa har Njamena.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan ɓangaren bai wuce mahaifina ba, Allah ya jiƙansa. Falken shanu ne. Yakan ba mu labarin yadda ake kora garke da ƙafa zuwa kudu kafin dogo ya iso garin nan a 1974, dabba ta rame a hanya, wata ma ba ta kaiwa. Da jirgi ya zo sai tafiyar Yawunde, mai kilomita 622, ta koma abin kwana ɗaya ko biyu. Tun ina yaro nake bin sa wurin lodi, kuma warin kashin shanu haɗe da na man gas shi ne warin tasha a hancina har gobe.

Kayan wannan sana'a ta nishaɗi ba a sayar da su sababbi a nan. A brokant, wato shagunan kayan gwanjo, nake tsintar su, cikin tarkacen da ake kwasowa daga gidajen Turai: kan jirgi na Jouef daga Faransa, taragun Lima na Italiya, wani lokaci guntayen dogo a ɗaure da roba a ƙasan kwalin cokula. Tare da su akan sami ƙananan gidaje masu rufi mai tsini da farin fenti a sama wai ƙanƙara, da coci mai hasumiya, da shanu masu dabbare-dabbaren fari da baƙi. Na sha kallon bidiyon Miniatur Wunderland, babban gidan nunin ƙananan jiragen ƙasa na birnin Hamburg, wanda aka buɗe a 2001, kuma aikin ya isa a jinjina masa. To amma su galibi garuruwan Turai suka gina. Ban ga abin da zai sa mutumin Adamawa ya ɓata dare yana liƙa ƙanƙara a kan rufi ba, alhali tashar da ta ciyar da gidansu tana nan ba wanda ya taɓa ƙera ta.

Da ka ce za ka gina namu layin, matsalar farko da za ta tare ka ita ce ta awo. Yawancin abin da ake samu a brokant na ma'aunin HO ne, wato an rage komai sau 87, kuma tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 ne. In ka ninka 16.5 sau 87 za ka sami kusan milimita 1435, faɗin dogon Faransa da Jamus ke nan. Namu na Kamaru mita ɗaya ne cif, tun daga Duwala har nan. A HO ya kamata ya zama milimita 11.5, kuma akwai masu ƙera dogo mai milimita 12 don haka, ana kiransa HOm, sai dai galibin jiragensa na duwatsun Siwizalan ne, ga tsada, ga shi ba ya faɗowa cikin kwalin brokant. Wani zai ce wa zai lura da milimita biyar? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Jirginmu yana da wata tsayuwa tasa: jiki mai faɗi a kan siririn dogo, gefen tarago ya zarce ƙafafu sosai. In ka ɗora shi a kan faffaɗan dogo, ko wane fenti ka shafa masa, jirgin Turai zai fito.

Mafitar da na bi daga masu wannan harka na ƙasar Niyu Zilan na gan ta. Dogonsu milimita 1067 ne, sai suka riƙe dogon HO yadda yake, suka ƙara girman jikin jirgi zuwa ragi sau 64. Ni ma haka na yi. Mita ɗaya in an raba sau 64 yana ba da milimita 15.6, bambancinsa da 16.5 bai kai milimita ɗaya ba, wannan kam ido ya yafe. Ina cire gangar jikin jirgin Bature in ajiye, in riƙe ƙafafu da injin, in ƙera sabon jiki da kwali mai ƙwari da fallen roba. A wannan awon mutum mai tsayin mita 1.7 yana komawa santimita 2.7, doguwar kwantena mai ƙafa 40 kuma santimita 19. Wani alherin da ya biyo baya shi ne ƙananan motocin wasan yara, irin su Majorette da Hot Wheels, yawancinsu kusa da wannan awon suke, ga su kuwa jibge a kasuwa. 'Yan'uwanmu na Kano da Zariya su ma tsohon dogonsu 1067 ne, don haka lissafin ya fi zama musu daidai fiye da ni.

Gaba ɗayan layin Yawunde zuwa nan, ko an rage shi sau 64, zai ci kusan kilomita 10. Saboda haka ba a gina layi, gutsure ake yi. Nawa gutsuren layuka uku ne da wuraren sauya layi, da dakalin lodin shanu, da wani lanƙwaso da ke ɓacewa a bayan tudu. Duk abin da ya shige bayan tudun nan ya tafi Ngaundal da Belabo.

Ga mai shirin sayen kan jirgi a brokant, ya juya shi ya dubi cikinsa tukuna. In ya ga wani dogon ƙarfe mai santsi a tsakanin ƙafafun, na tsarin kamfanin Märklin ne, wanda ke ɗaukar wuta daga tsakiyar dogo, kuma ba zai yi tafiya a kan dogo mai ƙarfe biyu ba, haɗa wuta kawai zai yi. Ya kuma riƙe ɗan mayen ƙarfe a aljihu. Dogon da maye ya kama baƙin ƙarfe ne, damina ɗaya ta Ngaundere ta isa ta sa shi tsatsa. Wanda bai kama ba, in fari ne, shi ake nema.

Wuta ba ta ba ni wahala. Waɗannan jirage volt 12 suke ci, ƙarfe ɗaya na dogon ya kai wuta, ɗayan ya dawo da ita, in ka juya wayoyin jirgi ya koma da baya. Batirin sola nake amfani da shi, da ɗan abin rage gudu da na haɗa da kaina, don haka ko an ɗauke wuta a unguwa jirgina yana kan hanya. Akwai sabon tsari da ake kira DCC, inda kowane kan jirgi ke da 'yar na'ura a ciki mai karɓar umarni ta cikin dogon, har ka tuƙa uku a layi ɗaya kowa da gudunsa. Abin sha'awa ne, amma ya fi tsohon tsarin ƙin datti, mu kuwa datti ne babban abokin gabarmu.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya busa, ƙura ba ta neman izinin shiga. Wurin da ƙafar jirgi ke taɓa dogo bai fi bakin allura ba, ta nan duk wutar ke bi. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga tsakani, sai ɗan tartsatsi ya tashi, ya bar baƙin tabo, tabon ya kama wata ƙurar. Za ka ga jirgi yana tafiya yana shaƙewa, fitilarsa tana ƙyaftawa, daga nan ya tsaya cak a kan wurin sauya layi. Maganinsa tsumman auduga fari da alkol na kantin magani. Ina naɗe tsumman a yatsa in bi ƙarfen a hankali, sai ya fito da baƙaƙen layuka biyu, in sake wuri in maimaita har ya fito fari. Ƙafafun kuma ina shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan dogo, in ɗora rabin ƙafafun a kai, rabi a kan ƙarfe, in riƙe jirgin in ba shi wuta, su yi ta juyawa suna wanke kansu. Kada a kusanci dogo da takardar goge katako. Tana sa shi ƙyalli a ranar, amma ƙarcen da take bari shi ne maɓoyar dattin gobe. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura ya ishi haƙoran inji, domin mai da ƙura in sun haɗu kwaɓi suke zama. In na gama wasa, tsohon zanen uwargida nake lulluɓa wa allon gaba ɗaya. Da damina ta kama a Afrilu sai damuwar ta koma ta laima: katako ya kumbura, rani ya zo ya tsuke, shi ya sa nake barin ɗan tsaiko kamar kaurin kati a mahaɗar dogo.

Ƙasar da na zuba a kan allon kuwa daga bakin hanyar tasha na ɗebo ta. Ba fentin da zai ba ka wannan jan na marmara. Ina soya ta a tsohon kasko don ƙwari su mutu, in tankaɗe da rariya, sannan in ja mayen ƙarfe a cikinta. Wannan matakin ba a tsallake shi, domin jar ƙasarmu tana da ƙarfe, kuma injin jirgi yana da maye a cikinsa, duk ƙwayar da ta kuɓuta can za ta ƙare. Bayan na baza ta sai in ɗiga mata farin gam na kafinta da na tsinka da ruwa, da ɗigon sabulun wanke kwanuka don ya ratsa. Itatuwan mangwaro wayar tagulla ce ta ƙonannen fanka, na murɗa ta ta yi gindi da rassa, ganyen kuma soson tsohuwar katifa ne da na murje na rina. Kwanon rufi shi ya fi ba ni daɗin yi. Farar takardar ƙarfen nan da ke rufe bakin gwangwanin madarar gari nake shimfiɗawa a kan roba, in mirgina dogon kusa mai zare a kanta, sai ta fito da ƙwarya-ƙwarya kamar daga masana'anta. In na shafa mata ruwan jar ƙasa ta bushe, sai ka rantse shekara ashirin ta yi tana shan rana.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi aikin haɗa taragu tun zamanin Regifercam, tsohuwar hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati, kafin kamfanin Camrail ya karɓi layin a 1999. Rediyonsa ya kawo gyara, ya hango allon ta ƙofa, ya shiga ba tare da ya ce komai ba. Ya daɗe a sunkuye. Can ya sa ɗan yatsa a tsakiyar layi na biyu ya ce, "Ɗana, nan inji ke tsayawa ya kwana yana ruri. Ƙasar wurin ba ja ba ce, baƙa ce wuluk da mai." Na ce, "Baba, har ina baƙin yake kaiwa?" Ya auna mini da yatsunsa biyu. Ya kuma koya mini abin da ba ya cikin kowane bidiyo: ba a jera taragu yadda aka ga dama, ana jera su ne bisa inda za a ajiye kowanne a hanya, don kada a wargaza jirgi duka a tashar gaba saboda tarago ɗaya. Tun daga ranar wasan ya canza mini. Ina rubuta sunayen tashoshi a 'yan takardu, in ɗora wa kowane tarago, in zauna ina turawa ina janyowa har jerin ya daidaita. Yakan zo bayan la'asar ranar Juma'a, shi ke ba da umarni ni ke tuƙi.

Yaran unguwa su gudu suke so, kuma ban ga laifinsu ba, mu ma da motar kara da ta gwangwani tsere muka yi. Amma ina nuna musu lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa, a kan allona santimita 26 zai ci a daƙiƙa. A cikin tasha, inda ake rarrafawa, bai fi shida ko bakwai ba. Wanda ya iya kawo kan jirgi ya taɓa tarago ba tare da ya tura shi ba, shi nake bar wa maɓallin.

Shanun da laka nake gina su, yadda muka saba muna yara a bakin rafi, sai dai yanzu da awo. Gudali na Adamawa mai tozo da gajeren ƙaho, da jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho, waɗanda nake yi wa ƙahon da siririyar waya don kada ya karye. Mutanen da ke kan allon, masu kora da 'yan dako da mai shayi a bakin ƙofa, ban yi musu fuska ba, bisa shawarar malamina. Riga da hula da yadda mutum ya rataya sanda a kafaɗa sun isa a gane ko wane ne.

Abin da ke gabana yanzu taragun shanu ne. Gefensu a buɗe yake don iska, sandunan kuwa da tsinken ashana nake so in yi su, amma kaurinsa ya yi yawa a wannan awon, sai an fere kowane ɗaya. Ƙafafun taragu huɗu kawai nake da su a hannu, dakalin lodin kuma na shida na gina. Duk wanda ya ci karo da tsofaffin taragun HO a brokant ɗin Garwa ko Yawunde, ko jikin ya farfashe, ya duba ƙafafun. In suna juyawa, ina so.